Karen da Aka Dawo wa Ɗaso da Shi

A unguwar Ka'akiyya ta Makka kowa ya san Ɗaso da karnukanta. Tsohuwa ce 'yar Maraɗi, ta zo aikin hajji ta yi zamanta ba takardar iƙama, burinta kawai a binne ta a Makka. Wankau take yi, tana kuma tsintar 'yan kwikwiyo a bola. In sun yi ƙwari sai ta ba masu tumaki su yi musu gadi. Sharaɗinta shi ne ba duka, ba ɗauri a rana, kuma in ka gaji da kare kada ka kora shi cikin duwatsu, ka dawo mata da abinta.

Wannan na ƙarshen shi ya ci ta. Dillalan raguna suka ga banza ta faɗi. Hajji na matsowa sai su cika ƙofarta, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ran da aka sayar da ragon ƙarshe kuwa, sai ta tarar da kare ɗaure a ƙyaurenta, ko sallama babu. Ni da na zauna a unguwar, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Haka wani dillali, Issoufou, ya dawo mata da Duna, baƙin karen da ta fi so, da karyayyar ƙafa. Duna ya yini yana kuka don ciwo. Mai gidan da take haya, Mukhtaru, jikan Kanawa ne haifaffen Makka, wanda Hausa ba ta zuwa masa sai in zai ci mutunci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci.

"Khalas, ya Hajja. Ko kalb ɗin nan ya bar gidana, ko in kira masu kamen takari. Jirgin ruwa na nan a Jidda."

Ta zaga har unguwar Rusaifa tana roƙo, amma wa zai karɓi gurgun kare bayan raguna sun ƙare? Ta kai shi hanyar Muzdalifa ta baro shi, ya biyo sawunta yana ɗingishi.

Sai Mukhtaru ya zo da nama mai guba ya jefa masa. Duna ya sansana ya kau da kai, don Ɗaso na hora karnukanta kada su ci abin da aka jefo, saboda ɓarayi. Mukhtaru ya yi dariya, ya tura naman da takalmi zuwa gabanta.

"Ke kika koya masa. To ba shi da hannunki."

Ɗaso ta durƙusa ta ɗauka, ta kira shi da sunansa. Ya taho da ƙafa uku yana kaɗa bindi, ya cinye tas, ya shiga lashe mata yatsu.

Mukhtaru ya ce ta wanke hannun nan sau bakwai kafin ta taɓa masa ƙofa.