Tankin Ildemaro

Motar mijin yayata irin dogayen nan ce na da, mai faɗin gado, wadda in ta shigo lungunmu sai kowa ya manne da bango. Ildemaro ya saye ta tun yana aiki a kamfanin mai, lokacin da fetur a garinmu Maracaibo ya fi ruwan sha araha. Tun da ya yi ritaya kuwa ba ta san ko'ina ba sai coci ranar Lahadi, cocin ma ana hango ta daga ƙofar gida. Sai kuma gidan mai.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce tsohon ya zare, mutum ba ya zuwa ko'ina amma kullum yana layin mai. To ga abin da ke ciki. Yayata Edicta huhunta ya lalace, sai da na'urar ba da iska take numfashi, da 'yar roba a hanci. Na'urar da wuta take aiki, wutar garin nan kuwa ta ga dama ta zo, ta ga dama ta wuni ba a gan ta ba. Muna da ƙaramin janareta, amma a gidan mai ba a zuba wa kowa a jarka, in ka zo da ita soja ya karɓe. Tankin mota kaɗai ake cikawa, ranar da layi ya zo kan lambar motarka, babba ne ko ƙarami. Tankin motar Ildemaro kuwa rijiya ne. Ya dawo daga layi, ya zura tiyo, ya zuƙo da baki, ya tofar, ya cika mana jarkoki. Da wannan man yayata take rayuwa har lambarsa ta sake zagayowa.

Ni ce Zulay, ƙanwarta. Da mijina ya rasu na tattaro na dawo gidansu, ni ke mata wanka, ni ke dafa abinci, ni ke faɗa da kowa.

Ɗansu ɗaya ne, Nerio, yana Chile. Bai san komai a kan na'urar nan ba, don uwarsa ta rantsar da mu. Yana jiran takardun zama ne, in ya bar ƙasar kafin su fito, wahalarsa ta shekaru ta tashi a banza. In zai kira ta bidiyo, sai na tura na'urar bayan labule, ta zare robar, na shafa mata jan baki. Ta yi ta dariya tana tambayarsa ko yana cin abinci, da an kashe waya ta zube a kujera, ni kuma na mayar mata da robar. Na tsani wannan jan bakin har cikin raina.

Wata Lahadi ya kira bakinsa har kunne.

"Baba, a sa min albarka."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Ildemaro.

"Na yi maka maganin wannan akwalar taka. Na samo wani, Eudomar sunansa, zai karɓe ta ya ba ka ƙarama, 'yar yayi, wadda ba ta shan mai. Na riga na tura masa cikon."

Ildemaro ya sosa ƙeya. "Wace akwalar? Motar da ta kai uwarka asibiti ta haife ka?"

"Ita fa. Baba, motar nan ko kallon ta ka yi sai ta sha lita guda. Ga taya, ga baƙin mai, ga gyara. Kullum Mama tana ce min kana layin mai. Da ƙaramar, cikawa ɗaya sai ka manta hanyar gidan mai."

"To ni ina nake zuwa, Nerio? Daga nan sai coci. Wanda ba ya tafiya, me ƙaramar mota za ta rage masa?"

"In ba ka zuwa ko'ina, ina man yake tafiya?"

Na buɗe baki, Edicta ta take min ƙafa. Ta matso da fuskarta gaban wayar ta ce, "Yoyo take yi, ɗana. Ka kyauta, Allah ya saka da alheri. Babanka kunya ce ta hana shi godiya."

Da aka kashe waya na sauke musu kwandon masifa.

"Yaya, kin san abin da kika yi kuwa? Hancinki kika sayar!"

Sai da ta ja iska ta huta, sannan ta ce, "In aka ƙi, zai tambayi dalili. In ya ji dalili, gobe yana hanya. Ba zan zama sanadin dawowarsa garin nan ba, Zulay. Ya dawo ya ci me?"

Na juya kan Ildemaro. "Kai kuma, mijin Yaya, ka yi shiru kamar an ɗinke maka baki?"

"Ke dai ba kya rabo da ɓaɓatu," in ji shi. "Tanki ai tanki ne. In ƙarami ne sai mu riƙa lallaɓawa."

Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Ranar musayar, Eudomar ya zo da sarƙa a wuya da tabarau. Bai buɗe gaban motar ba, bai tambayi lafiyar injin ba, ko kujerun da Ildemaro ya kwana biyu yana gogewa bai duba ba. Durƙusawa ya yi ta baya, ya ƙwanƙwasa tankin da 'yan yatsu, ya saurara, ya yi murmushi. Ya miƙa makullin ƙaramar, ya ja tamu ya tafi. Maƙwabta suka fito suna taya murna, wai tsoho ya shigo zamani. Motar kam kyakkyawa ce, ja, tana sheƙi, sai dai in Ildemaro ya shiga gwiwoyinsa na taɓa sitiyari.

Da lambarsa ta zo, ya wuni a layi ya dawo, ya ɗauko tiyo ya zura. Tiyon ya shiga kamar kamu ɗaya ya tsaya. Ya murɗa, ya tura, ya canja siriri, ina! Muka kira Atilio, bakaniken lungunmu. Ya leƙa ya ce irin waɗannan an yi musu wani marfi a maƙogwaron tanki don ɓarayin mai.

"To ga ɓarawon nan a gabanka, kuma motarsa ce," na ce. "Sai ka san yadda za ka yi."

Atilio ya cire kujerar baya, ya kwance wani faifai, ya buɗe tankin ta sama. Da ya tatse shi kaf, abin da ya fito bai kai rabin wanda muka saba samu ba. Ildemaro ya tsaya yana kallon jarkokin da suka rage babu komai. Warin fetur ya cika motar, bai sake fita ba. Coci ma muka koma zuwa a ƙafa, don ba mai bari a ƙona ko cokali ɗaya a kan titi.

Sai lallaɓawar ta fara. In wuta ta ɗauke, a kunna janareta na ɗan lokaci, a kashe, Edicta ta zauna ba motsi tana jan numfashi a hankali, in leɓenta ya fara canja launi a sake kunnawa. Firji da fanka muka yafe su. Duk da haka man ya ƙare tun lambarsa na nesa. Dole Ildemaro ya ɗauki jarka ya nufi wajen 'yan bumburutu, waɗanda ba sa karɓar komai sai dala.

Ran nan na raka shi, don ƙafarsa na ciwo. Muna shan kwanar bayan kasuwa sai ga ta a gindin bishiya. Tsohuwar motarsa. An cire mata kujerar baya, an fasa fitila ɗaya, wani ƙato yana zaune a kan but ɗin bayanta yana cin soyayyar ayaba da cuku, tiyo na reto daga tankinta. Eudomar na gefe a kujerar roba.

"A'a, Kawu! Yaya amarya? Tana shan mai kuwa?"

"Ba ta sha," in ji Ildemaro.

"Ai na gaya wa ɗanka. Nawa za a zuba?"

Na so na zage shi tas, amma da me? Bai yi mana ƙarya ba, kuma man yana hannunsa. Ildemaro ya ciro dalar da Nerio ya turo ta maganin uwarsa, ya biya. Ya tsaya yana kallo ana zuba masa mai daga tankin da ya yi shekaru yana tsotsa da bakinsa. A hanyar gida ban tsokane shi ba, kuma tun ranar wasan da ke tsakaninmu ya mutu.

Daga nan abubuwa suka fara fita daga gidan. Talabijin, keken ɗinkina, zoben aurensu. Mun nemi sayar da jar motar, kowa ya zo sai ya ji warin mai, ya ga kujera a kwance, ya taya kuɗin banza. In mun sayar kuma, ɗan man da muke samu a layi ya tafi ke nan. Nerio kuwa duk Lahadi sai ya tambaya, "Baba, ka ga sauƙi ko?" Tsohon ya ce, "Sosai ma." Ni dai na gaji. Na gaji da ƙarya, na gaji da zafi, na gaji da kasa kunne ina sauraron ƙirjin yayata ko yana motsi.

Sai aka yi babbar ɗaukewar wutar nan da ta haɗa gari duka. Gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu suka ninka kuɗi. Asibitin unguwa, da Atilio ya leƙa mana, su ma suna cikin duhu, suna mayar da mutane gida. Ranar Talata da rana tsaka janareta ya yi tari ya mutu. Ildemaro ya shiga jar motar da tsumma, yana dangwalo abin da ya rage a gindin tanki yana matsewa a kofi. Abin da ya samu ko tayar da injin bai yi ba. Ya ɗauki jarka ya fita, aljihunsa ba ko sisi, wai zai je ya roƙi Eudomar.

Edicta tana kan kujera, baki buɗe, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Na duba wayata, cajin ya kusa ƙarewa. Ban tambaye ta ba, na kira Nerio, na juya masa wayar ya ga komai, robar da ke hancinta da na'urar da ta yi shiru.

"Inna Zulay, mene ne wannan? Mama! Tun yaushe?"

Na gaya masa duka, har inda man yake tafiya. Ban tausasa ko kalma ɗaya ba.

"In za ka zo ka zo," na ce. "In ba za ka zo ba, ka turo kuɗi yanzun nan a sayo mai."

Sai a lokacin na lura a bakin titi yake, da babbar jakar kai abinci a bayansa, yana riƙe da keke. Mu da ya ce wa a ofis yake aiki.

"Inna, babur ɗina na sayar na cika kuɗin motar," in ji shi. "Da shi nake aiki. Yanzu da keken aro nake yi. Ba ni da kuɗin zuwa, ba ni da komai a hannu. Sai Juma'a za a biya mu. Wallahi Juma'a da safe zan turo duka."

Ya fashe da kuka a gaban mutane. Edicta ta ɗago hannu da ƙyar ta yafito ni, na kai kunnena bakinta.

"Ce masa," ta tsaya ta nemi iska, "Juma'ar ta yi."

Na gaya masa. Na ajiye wayar, na yago murfin kwali, na ci gaba da yi mata fifita.