Alamar Alli a Jikin Obin

Shekara biyu obin ɗin nan ya yi a saman kanta, ban taɓa shi ba, ban kuma bari an goge masa ƙura ba. Irin na ɗumama abincin nan ne mai madannai, fari, kwancen Turai. Ba a jone yake ba, amma wani lokaci da tsakar rana ina cikin aiki sai in ji ƙararsa sau uku, kamar ya gama ɗumama tuwo. In juya, ba komai. Na sani sarai kunnena ne, sai dai sanin bai taɓa hana ni faɗuwar gaba ba.

Ni da Meshak muka buɗe shagon gyaran kayan wuta a bayan kasuwar Kafanchan. Shi ɗan Fadan Kagoma ne, ni kuwa a kasuwar nan aka haife ni. Shekara goma sha ɗaya muna tebur ɗaya, yana fito da waƙoƙin coci, ina yi masa tsiyar cewa ko akuya ta fi shi murya.

A cikin kowane obin akwai wani gwangwani da muke kira kwandensa. Ko an zare filogi, yakan riƙe wuta mai ƙarfin da za ta kayar da ƙato. Saboda haka muka kafa doka: kafin kowa ya sa hannu, sai an sauke wutar da filaya mai hannun roba, wanda ya sauke kuma ya zana alama da alli a gefe. In ka ga alli, ka shiga aiki hankali kwance.

Ranar da abin ya faru, obin biyu ne a teburin, iri ɗaya sak, duka a buɗe. Ɗaya na wata mai abinci, ɗaya na gidan Meshak da madannansa suka daina amsawa. Na sauke wutar na mai abincin, wayata ta yi ƙara, na juyo ina magana na zana alli a jikin ɗayan, na gidan Meshak. Meshak ya dawo daga sayen ƙosai, ya ga alama, ya zura hannu bayan fanel ɗin madannai zai zare waya. Wutar ta yi jifa da shi, ƙeyarsa ta bugi bakin teburin ƙarfe. Bai kai asibiti ba.

Kafin mutane su taru na goge allin da hannun rigata. Ban tsaya tunani ba, hannuna ne ya yi. Aka yi ta cewa ganganci ne, tsohon hannu ya raina aiki, ni kuma na ja bakina na yi shiru.

Ranar wata Talata da damina matar Meshak, Afiniki, ta shigo da lema a hannu. Ta rame. Muka gaisa, ta tambayi Zamzam ɗiyata da mamanta, sannan ta ce ta samu wuri kusa da tasha za ta fara sayar da alale, tana son obin ɗinta. Na ce zan sayo mata wani. Ta ce a'a, nasu take so, kuma za ta jira a gyara a gabanta.

Na sauko da shi. Na tabbatar filogi yana zare, na ɗage murfin da aka ɗora masa tun ranar, na sa takalmin roba. Na mai da hannun hagu baya, na taɓa bakin kwandensa da filaya, na sake, na sake, har sau biyar, alhali wutar shekara biyu ta daɗe da tsiyayewa. Na auna da mita, sifili. Sannan na cire fanel ɗin, na zare siririyar wayar da ta haɗa madannai da allon ciki. Maiƙo ne kawai da kashin kyankyasai suka toshe bakinta. Na goge da auduga da sifirit, na bari ta bushe, na mayar, na rufe murfi ruf kafin in jona. Na sa kofin ruwa a ciki na danna, ya ɗauka.

Aikin minti goma.

Da ya yi ƙarar nan sau uku, ta gaske wannan karon, Afiniki ta zabura. Ta ce har yau ba ta yafe wa Meshak ba. Kullum tana faɗa masa ya kula, ya bar ta da yara uku saboda gaggawa. Ta ce ko kabarinsa ba ta son zuwa, in ta je faɗa take yi da shi a zuci, kuma ta hana babban ɗansu Boaz ko kallon sukundireba, kada ya gaji sakacin ubansa.

"Maman Boaz," na ce, "Meshak bai yi sakaci ba. Ni ne."

Na faɗa mata komai, har goge allin. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Ruwa yana ta dukan kwanon rufi. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni, da ma hakan zai fi mini sauƙi.

"Kuskure na alli, wannan Allah ya sani," ta ce a hankali. "Amma shekara biyu, Baban Zamzam. Ka zo gidana da shinkafa, ka zauna, ina zagin mijina a gabanka, kana ji."



Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani, ta ce in rufe shago in fito da mashin. Na tambaye ta ina za mu cikin ruwan nan.

"Fadan Kagoma. Mamansa yana nan da rai, shi ma yana cewa ɗansa ya kashe kansa da wauta. Za ka faɗa masa da bakinka, yadda ka faɗa mini. Ni kuma zan je wurin Meshak in roƙe shi gafara."

Na ɗauko makulli. Sau uku ina buga mashin ɗin kafin ya tashi, tana tsaye a bayana cikin ruwa, ba ta buɗe lemar ba.