Kwaɓin Tsohon Birkila

Auta bai taɓa makara saboda barci ba. Kafin a kira asuba ya yi wanka, ya sa rigar aiki, har takalmi ya goge. Abin da ke makarar da shi karin kumallo ne, shi kuwa karin kumallon yana hannun mahaifinsa.

Direba ne Auta. Shi ke tuƙa doguwar motar da ke bi unguwa-unguwa da sassafe tana kwaso ma'aikatan kamfanin sabulu. Mahaifinsa kuwa tsohon birkila ne, ya yi ta ɗora bulo a kan bulo har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Tun da mahaifiyar Auta ta rasu su biyu suka rage a gidan, sai Baba ya karɓe kicin ya mayar da shi wurin aikinsa. Dokarsa guda ce, ba mai fita daga gidan nan da ciki wayam.

Ba wai Baba bai iya ba ne. Ya iya, har ya yi yawa. In zai yanka burodi sai ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya ya ga ko yankan ya miƙe. Albasa kuwa ɗaya bayan ɗaya yake jera ta a kasko kamar mai sa tayil a falon wani babba. Ƙwai ya soyu a hankali, shayi ya dahu a hankali, Auta yana bakin ƙofa da makullin mota a hannu yana sauya ƙafa.

"Baba, lokaci fa."

"Ina zai je? Zauna."

Sai Auta ya zauna. Bai iya musu da kowa ba, balle da tsohon da ya tashi tun duhu don ya soya masa ƙwai.

Ran nan da ya shigo da motar harabar kamfani, injina sun daɗe da tashi. Ma'aikata suka yi ta dirowa suna gudu. Wata mata mai naɗe sabulu, wadda kowa ke kira Rediyo don bakinta ba ya mutuwa, ta tsaya a matakala ta ce, "Sannu da ƙoƙari, direban yamma. Gobe ka taho mana da abincin rana tunda hanya ɗaya ce."

Manaja bai yi dariya ba. Ya yafito Auta da yatsa zuwa ofis.

"Kai ba ka da rigima, ba ka taɓa ko goga motar nan a jikin bango ba, na sani. Amma in ka makara, rabin kamfanin nan ya makara. Ka ga teburin nan?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"In aka sake, a nan za ka ajiye mini makulli. Ba sai mun yi doguwar magana ba."

Da aka tashi aiki Auta bai nufi gida ba, sai ya biya ta kemis ɗin da yayarsa ke aiki. Ya jira ta sallami wata mai neman maganin tari, sannan ya jingina da kanta ya zayyana mata komai. Ta saurare shi tana jera kwalaye.

"To ka gaya wa Baba mana."

"In ce masa ƙwansa ne zai kore ni daga aiki? Yaya, ke za ki iya?"

Ta ajiye kwalin da ke hannunta. Ita ma ba za ta iya ba. Can sai ta sunkuya ta buɗe ƙaramin firij ɗin da ke ƙarƙashin kanta, ta ciro wata kwalba mai faɗin baki.

"Ɗanɗana."

Ya ɗanɗana. Abu ne mai sanyi da laushi, ga ɗan tsami ga zaƙi.

"Ots ne, hatsin nan na Turawa da ake sayarwa a kanti," in ji ta. "Tun da yamma za ka zuba shi a kwalba, kamar rabi. Ka sa yogot, ka tsiyaya madara har ta sha kansa, ɗan zuma, ka yanka ayaba in kana so. Ka juya, ka rufe, ka sa a firij. Da safe ka ɗauka ka kama gabanka, ka ci a wurin aiki."

"Wutar fa?"

"Ba wuta."

"Ko kaɗan?"

"Auta, kwana yake yi ya jiƙa da kansa. Ko kai ba za ka iya ɓata shi ba."

A hanya ya tsaya a kanti ya sayi kayan. Dabararsa ita ce ya haɗa abin kafin Baba ya dawo daga sallar magariba, ya tura shi can bayan robar ruwa a firij. Abin da zai ce da safe kuwa, bai kai ga tunaninsa ba tukuna.

Yana cikin juyawa ya ji takun sanda a bayansa.

"Me ake ginawa?"

Auta ya juyo da cokali a hannu, yogot na ɗiga. "Abin karyawa ne, Baba. Na gobe."

Baba ya dubi kwalbar, ya dubi kaskonsa da ke rataye a ƙusa, ya sake duban kwalbar. Ya jawo kujera ya zauna a hankali.

"Ƙwan ne ya gundure ka?"

"A'a wallahi."

"Gishiri na cika?"

"Baba, ƙwanka ba shi da na biyu. Kawai dai na ce ka riƙa hutawa da safe."

"Na ce maka na gaji?"

Auta ya kauce wa tambayar. Sai ya shiga bayani kamar yadda Yaya ta yi masa, ga ots, ga yogot, ga madara, ba a ɗora shi a wuta, kwana yake yi a firij, kafin gari ya waye ya yi kauri.

Baba ya ɗago kai. "Tsaya. A kwaɓa da yamma, a bar shi ya kwana, da safe a tarar ya kama?"

"Haka ne."

"Da kansa?"

"Da kansa."

Fuskar tsohon ta washe kamar wanda ya haɗu da abokin ƙuruciya a tasha. Ya jingine sanda ya miƙa hannu. "Kawo in gani."

Ya karkata kwalbar, abin ciki ya gangaro gefe. Ya girgiza kai cikin takaici.

"Wa ya koya maka wannan kwaɓin?"

"Yaya."

"Yayarka magani ta sani. Wannan ai ruwa ne tsululu. Ko leburan da ya fara aiki yau ya kawo mini wannan, da kwanon zan bi shi. In ka zuba wannan, shekara zai yi bai kama ba. Matsa."

Auta ya matsa. Baba ya naɗe hannun riga, ya juye komai a faranti mai faɗi, ya tara ots tsibi guda ya yi rami a tsakiya. Madarar ruwa ya ture ta gefe, ya ɗauko ta gari da suke shan shayi da ita ya zazzaga. Yogot kuwa da ƙyar ya yarda ya ƙara cokali guda. Ya riƙa yankowa daga gefe yana kifawa tsakiya, yana ɗan waƙa a ƙasan maƙoshi, irin wadda Auta ya rabu da ji tun yana kai masa abinci wurin gini. Da ya gama ya mayar cikin kwalba kaɗan-kaɗan, kowane zubi sai ya daddanna shi da gindin muciya.

"Iska ce ke kashe aiki," ya ce. "In ka bar rami a ciki, nan zai tsage."

Ya shafe saman da wuƙa har ya yi sumul. Sannan ya ɗauki cokali ya kafa shi a tsakiya, tsaye cak, ya rufa tsumma mai tsabta a kai.

"Cokalin fa, Baba?"

"Don kada ka manta shi. Kuma zai ƙara masa ƙarfi."

Auta ya ga yadda tsohon ke goge hannu yana kallon aikinsa, sai ya ɗauki kwalbar ya sa a firij.

Washegari da suka dawo daga masallaci Baba ya wuce firij kai tsaye. Ya ciro kwalbar, ya yaye tsumman, ya ƙwanƙwasa saman da ɗan yatsa yana kasa kunne. Ya tsoma yatsu a kofi ya yayyafa mata ruwa.

"Yana kamawa," ya ce. "Amma da saura. Irin wannan a ba shi zuwa jibi, ana yi masa ban ruwa. Yau dai zauna in soya maka ƙwai."

Ya mayar da kwalbar, ya sauko da kasko, ya kunna gas. Ya ɗauko albasa ya fara ɓare ta a natse.

Auta ya leƙa taga. Gari ya fara haske, har mai shara ya fito da kurarsa. Ya dubi makullin motar da ke hannunsa.

"Baba."

"Zauna mana."

"Baba, in na zauna yau, na zauna ke nan. Manaja ya ce in na sake makara in ajiye masa makulli."

Wuƙar ta tsaya. Baba bai juyo ba.

"Tun yaushe kake makara?"

"An ɗan jima."

"Saboda wannan?" Ya nuna kaskon da bakin wuƙa.

Auta ya sunkuyar da kai. Man da ke kasko ya fara ƙara. Baba ya sa hannu ya kashe gas ɗin. Sai kuma ya juyo da wata murya da Auta ya manta yana da ita, irin wadda yake yi wa leburori tsawa da ita daga saman bene.

"To uban me ka tsaya yi? Ni da na sha korar lebura a kan makara, a ce ɗana ne ke shanya mutane a titi? Ungo!" Ya fizgo kwalbar ya danƙa masa. "Bai gama ba, amma zai ɗauki nauyi. Wuce!"

Har bakin ƙofa ya rako shi yana tura shi da sanda.

Ranar Auta ya isa kowace tsayawa a kan kari, abin da ya jawo wata sabuwar fitina, don mutanensa sun riga sun saba da lokacinsa. A tsayawar farko ba kowa sai da ya yi ta danna ham. Wani ya fito da buroshi a baki. Mai gadin sito ya shigo yana ɓalla maɓallan riga a karkace. Rediyo kuwa sai ga ta a guje, takalmi a hannu, ɗankwali a kafaɗa.

"Wane irin rashin mutunci ne wannan?" ta ce tana haki. "Mutum zai canja hali bai yi sanarwa ba?"

Da suka shiga harabar kamfani ko ƙofar sito ba a buɗe ba. Manaja yana fitowa daga motarsa, ya dubi agogo, ya dubi Auta, ya ɗaga masa hannu ya shige ofis. Auta ya zura makullin a aljihu.

Sai a lokacin ya ji yunwa. Ya zauna a matakalar mota, ya ajiye kwalbar a gwiwa, ya yi bisimilla ya ja cokali. Kwalbar ta taso gaba ɗaya. Ya girgiza, ta bi shi. Ya matse ta tsakanin cinyoyinsa ya ja da hannu biyu, cokalin ya fito da ƙara kamar an cire ƙafa daga laka, ya bar rami mai siffarsa.

Ma'aikata suka kewaye shi tunda yau suna da lokaci.

"Mene ne wannan, direba?" in ji Rediyo. "Sabon sabulu ne za a fitar?"

"Abin karyawa ne. Babana ya haɗa mini."

"Allah sarki. Kun yi faɗa ne?"

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ci gaba da ƙwaƙula. Abin da ya samu ya ɓanɓaro ba laifi a baki, akwai zuma, akwai ayaba, sai dai kowace loma sai ya bi ta da ruwa ya jira ta sauka. Har rana ta take bai ji yunwa ba, bai kuma ci ko kwata ba.

Da yamma ya tarar da Baba a kan benci a ƙofar gida, ya ɗora haɓa a kan sanda. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Makullin?"

Auta ya ciro shi ya karkaɗa. Baba ya gyaɗa kai, ya kawar da fuska yana gyara hula, ya ɗan jima a haka.

"Aikin fa? Ya kama?"

"Ya kama, Baba. Sosai."

Ya miƙa masa kwalbar. Baba ya leƙa ɗan ramin da aka yi a gefe, ya karɓi cokalin ya gwada da kansa. Ya danna, ya ƙara dannawa, wuyan cokalin ya lanƙwashe. Ya ɗaga shi yana dubawa, ya rasa ko ya ji kunya ko ya ji daɗi.

Auta ya zauna kusa da shi. "Baba, na yau kai za ka sake haɗa mini. Kullum ma, in ba za ka gaji ba. Sai dai ina ganin kamar ba kwaɓin bulo yake so ba. Kamar irin na filasta, mai ruwa-ruwa, wanda ke bin hannu."

Baba ya juyo ya kalle shi sama da ƙasa.

"To ai sai ka faɗa! Ka kawo wa mutum kaya ba ka ce ga aikin da za a yi ba? Filasta daban, bulo daban." Ya dafa kafaɗar Auta ya miƙe. "Madarar ruwan nan tana nan?"

"Tana nan."

"Tashi ka wanke mini faranti. Kuma ka nemo wata kwalbar, ni ma zan zuba nawa. Ba na ba mutum aikin da ban gwada ba."