Kogin da Ya Fi Ƙarfin Waya

Saura awa biyu masu tantancewa su iso, wasan wayar da suke ƙerawa ya sake cijewa a bakin kogi.

Auta ta ajiye wayar a kan tebur, ta yi zafi kamar an tsamo ta daga tukunya. Tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, kuma a kan irinta mutanen kamfanin da zai karɓi wasan suka ce za su gwada shi, tunda irinta ce a hannun yawancin jama'a. In ya tsaya a gabansu ko sau ɗaya, ba za su karɓe shi ba, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Su biyu ne a ɗakin, ita da yayanta. Shi ke zane, ita ke rubuta umarnin da ke motsa zanen. Tun farko ya ce su ɗauki injin wasa da aka riga aka ƙera, wanda kowa ke ɗora aikinsa a kai. Auta kuwa, da taurin kan da aka san ta da shi tun tana rarrafe, ta kafe sai ta gina nata, mara nauyi, wanda ta san kowane lungunsa. A ba ta haƙƙinta, ya yi gudu. Ruwa ne kawai ya gagare shi.

Wata huɗu Yaya ya yi a kan kogin nan. Hasken rana na rawa a samansa, inuwar kwalekwale na karyewa a ciki, duk wanda aka nuna wa sai ya ƙura masa ido. Canja inji yanzu aikin watanni ne. Cire kogin minti ashirin.

Ta juya ta dubi ƙeyarsa. Ƙarya ta zo mata har baki, kamar ta ce masa zanen ne ya cika nauyi, kuma ta san ba zai musa ba. Kunya ta kama ta, ga tsoro.

"Yaya, laifin injina ne, ba na zanenka ba. Amma kogin zan cire."

Bai ko waiwayo ba. Ya ce ta duba cikin fayilolin zane, na can ƙarshe. Ta buɗe. Wani kogi ne, shuɗi shimfiɗaɗɗe, da farin layi biyu a matsayin kumfa, irin wanda ba ya wahalar da kowace waya. An ajiye shi tun sati uku da suka wuce.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika daina gwada wurin a gabana."

Ta saka shi a cikin wasan. Kwalekwalen ya haye sumul, sau biyar tana maimaitawa, wayar ko ɗumi ba ta yi ba. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa, Yaya ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa. Kafin ya je buɗewa sai da ya rufe kwamfutarsa, inda kogin farko ke ta gudu, don kada baƙin su gani su tambaya.