Murfin Kwalba a Hannun Mai Lasifika

"Baba, ka faɗi suna kawai kowa ya huta," in ji ɗansa, yana gyara masa matashi.

Mai Lasifika ya juya masa baya. Maƙwabcinmu ne, kafinta, kuma tun ina amarya shi ke jan ƙungiyar 'yan haya a layinmu, da lasifikarsa yake kiran mu taro. Shi ya hana masu gidaje watsa mana kaya waje, shi ya sa aka jawo mana famfo. Amma maganar zaɓen shugaban ƙungiya, ko kusa. Duk wanda ya tayar da ita sai ya ce, "Talaka ya riga ya zaɓa. Ko kai yaron masu kuɗi ne?" A kan wannan maganar ya kori Tela mai ɗinki daga taro, matar da ta fi kowa zuwa da wuri.

Yanzu ciwo ya kwantar da shi, masu gidaje kuma sun sake taso mu da maganar tashi. In ya tafi bai bar magaji ba, ƙungiya ta watse ke nan.

"A kira min Tela," ya ce.

Ta zo da zare manne a zaninta, ta durƙusa a bakin ƙofa. "Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Har yanzu kina son zaɓen nan naki?"

"Ba nawa ba ne, Baba, namu ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa aka juye gwangwanayen ƙusa biyu daga shagonsa, ɗaya na ɗansa, ɗaya na Tela, aka ajiye bayan labule. Mai shagon lemo na layinmu ya raba wa kowa murfin kwalba.

"Baba, ni fa ɗanka ne."

"Ƙungiyar ba gadona ba ce. In suna son ka, su ba ka."

Muka yi layi tun daga tsakar gida har bakin titi. Yana kwance, ido rufe, yana sauraron faɗuwar murafen. Ya ce shi zai jefa nasa a ƙarshe, kada a ga inda ya sa a bi shi. Duk da kafiyarsa, ban taɓa jin ƙaunarsa kamar ranar ba.

Da aka kawo masa gwangwanayen, matarsa ta kira shi, ta taɓa kafaɗarsa, sai ta yi salati a hankali.

Tela ce ta ci, kuma ɗan nasa da kansa ya miƙa mata lasifikar. Sai da za a yi wa tsohon wanka matarsa ta buɗe hannunsa. Murfin na nan, haƙoran gefensa sun kwanta wa tsohon a tafin hannu.