Ƙosan Mma Shetu

Shekarar Jamal biyu da rabi, bai taɓa ce mini "Mama" ba. Ni da nake yi masa surutu daga safe har yamma, ni da na bi duk abin da nas ta faɗa a wajen awon yara. Sai jiya a bakin lungunmu na Maamobi na ji shi da kunnena yana ce wa Mma Shetu mai koko, "Ƙosai. Babba."

Tsohuwar da ko gaisuwa da ƙyar take amsawa.

Na ce, "Mma, me kike yi masa?"

Ta ce, "Ba komai, Ruwaida. Nakan riƙe ƙosan ne in jira."

Yau na soya nawa a gida don kada ya sake zuwa wurinta. Na durƙusa, na ɗaga guda a gabansa. Ya dube ni, ya buɗe baki, leɓensa na motsi.

Na ce, "Ƙosai kake so, ko? Ungo."

Ya karɓa, ya rufe bakinsa, ya nufi ƙofa wajen Mma Shetu.