Simintin da Ya Bushe a Kan Gilashi

Sai da rana ta take, na zo wanke kayan aiki, sannan na gan shi. Ɗan farin ƙulli a kan farantin gilashi, ya bushe ƙamas. Simintin da na kwaɓa wa Baba Sylvanus ne da safe. Ke nan bai shiga haƙorinsa ba.

Amalgam ɗin da muke cike haƙori da shi ƙarfe ne, sanyi da zafi ratsa shi suke yi kai tsaye. Idan rami ya yi zurfi, dole a shimfiɗa wannan siminti a ƙasa ya tsare jijiya, kafin a danna ciko. Ramin Baba kuwa kaɗan ya rage ya kai jijiyar. Ina gama kwaɓi aka ɗauke wuta. Na fita na yi kokawa da janareta, na dawo ina huci, na danna amalgam, na shafe, har da yabon kaina. Shekara tara ina aikin nan a asibitin haƙori na unguwar Romi, ban taɓa tafka sakarci irin wannan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba abokin marigayi babana ne, tare suka yi aikin masaƙa. Likitanmu ya ce zai yi masa, ya ƙi, wai hannuna kawai yake so, ni 'yarsa Juliana. Kuma yau ɗin nan zai koma Filato gaba ɗaya, ƙauyen da ruwan randa ma kamar ƙanƙara yake, babu mai duba haƙori ko a kusa.

Na kira wayarsa, a kashe. Na zauna, na miƙe, na buɗe famfo, na rufe. Zuciya ta ce in kankare gilashin in yi shiru, wa ya gani? Wataƙila ma haƙorin ya jure. Har na ɗauki cokalin kwaɓi zan kankare. Sai na jefar da shi, na cusa farantin a jaka, na fita ko farar rigar aiki ban cire ba.

Keken da na hau ya maƙale a gosulo.

"Malam, don Allah ka taka!"

"Madam, in tashi sama ne?"

Na sauka na ƙarasa tashar motocin Jos da ƙafa, ina haki.

Na sami Baba a kujerar gaban mota, an ɗaure buhunansa a baya, saura mutum ɗaya mota ta cika. Ledar ruwan sanyi na hannunsa, an ɗan kurɓa kaɗan, ɗayan hannun tallafe da kumatu. Yana hango ni ya yi wuf ya sauke hannun, ya ƙaƙaro murmushi.

"Juliana, lafiya?"

"Baba, haƙorin yana ciwo?"

"Ina! Aikinki ai babu na biyu."

Na zaro gilashin na nuna masa.

"Wannan farin abin ya kamata ya zauna a ƙarƙashin cikon, Baba. Na manta ban sa ba. Sai mun koma na cire na sake."

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Direba na ta ihun Jos mutum ɗaya.

"Da na kurɓi ruwan nan, har cikin ƙwaƙwalwata na ji shi," ya ce a hankali. "Na ce in na dawo na faɗa, likitan nan zai ci miki fuska. Haƙora nawa ma suka rage mini? Na ce in ya dame ni a gida, a cire shi kawai."

Kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da shi. Ni da na kusa kankare gilashi don in rufa wa kaina asiri, ga tsoho ya shirya rasa haƙorinsa don ya rufa mini.

Ya leƙa ta taga. "Direba, kwance mini buhunana."

Direba ya hau ƙunƙuni, Baba ko a jikinsa. Ya sauko da ƙyar, ya miƙo mini ledar ruwan.

"Riƙe mini, 'yata. In kin gama gyarawa zan shanye."